Kafin Ka Ɗauki Almakashi

Jikana, shekaranjiya da la'asar ka shigo zaure riƙe da baƙar leda, ka durƙusa ka gaishe ni, ka zaro yadi uku na farin yadi mai ratsin shuɗi da ka sayo ran Lahadi a kasuwar Jibiya. Ka ce in ara maka almakashina, kana son ka ɗinka wa kanka riga a keken kakarka. Allah ya sani na ji daɗi har cikin raina, amma ka ga ban miƙa maka almakashin ba. Cewa na yi ka je ka jiƙa yadin a ruwa, ka shanya shi a inuwa, ka goge, ka dawo bayan kwana biyu. Na ga yadda ka fita kana jan ƙafa, wataƙila kana cewa a zuci tsohon nan ya fara rowa. To, gyara zama ka ji dalili. Maganar taka ce, amma ka kai wa 'yan'uwanka maza da mata na nan Kusa da na Magama, har da 'ya'yan gwaggonka na ƙetaren iyaka, duk wanda ya taɓa kallon keken ɗinki ya ji ransa ya biya.

Bari in fara da abin da ya sa na yi murna. Kai ɗan bakin iyaka ne. Tun kana goye kake jin rurin manyan motoci masu hawa Maraɗi ta Ɗan Isa, ka tashi ka tarar samarin garin nan da hanyar suke ci: wani dako, wani lodi, wani acaɓa, wani canjin sefa, wani jarkar fetur. Ba na kushe neman kowa, kowa da inda Allah ya ajiye masa abincinsa. Amma ai da wayonka a watan Agusta na 2019 da aka wayi gari an garƙame iyaka, a Nuwamba kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakinta. Da aka buɗe wasu iyakokin a ƙarshen 2020, tamu ba ta ciki, sai a Afrilun 2022. Ba mu gama sauke ajiyar zuciya ba sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufewa har Maris na 2024. A tsakiyar rufewar farko kuma, cikin 2021, aka katse mana layukan waya saboda matsalar tsaro. Ka ga ƙarti majiya ƙarfi zaune a gindin bishiya tun hantsi har magariba, ba don lalaci ba, don abin da suka dogara da shi makullinsa yana hannun wasu a Abuja da Yamai.

To, a duk tsawon shekarun nan wa ka ga ya daina sa riga? An haihu an yi suna, an ɗaura aure, an yi Sallah ƙarama da babba, yara sun koma makaranta suna neman kayan makaranta. Ciniki ya ja baya, ba na musu, amma bai mutu ba. Ranar da babu sabon yadi akwai gyara: a rage wando, a sake wuya, a mai da rigar uba ta zama ta ɗa. Keken kakarka kuwa ba ya shan fetur, ba ya jiran wuta, ba ya neman sabis. Ƙafa biyu da ɗigon mai sun ishe shi.

Kada kuma ka ɗauka baƙon abu ka ɗauko. Gidanmu gidan zare ne. Kakata, Allah ya jiƙanta, ita take gurje audugarta, ta shiɓe ta, ta kaɗa da mazari, yatsunta fari fat da alli. Daga hannunta zare ya tafi masaƙa, daga masaƙa maɗinki ya harhaɗa sawaye da allurar hannu har su tashi riga, sannan marina da gidan bugu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya ratsa Katsina ya shiga Kano a farkon 1851, cikin abubuwan da suka ba shi mamaki akwai tufafin ƙasar nan da ake kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A cikin wannan shekarar dai, can Amurka, wani Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa, wanda sunansa ya zo ya cika shagunanmu kafin Butterfly ta ƙasar Sin ta biyo baya. Da zamani ya juya aka kafa masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo ta a Kakuri da Kano da Funtuwa, audugarmu tana shiga ta fito atamfa da yadi. Yau galibinsu sun yi shiru. Ta Kadunan ta tsaya a 2002, babbar cikinsu UNTL ta rufe a 2007. Yadin da ke hannunka daga ƙetaren teku ya zo. Kaɗi ya kuɓuce mana, saƙa ta ja baya, gwanjo ya cika kasuwa. Ɗinki ne ya rage a hannunmu, don kuwa duk girman masana'antar da ke birnin Sin ba ta san faɗin kafaɗarka ba. Wanda ya ɗora maka tef shi ya sani.

Yanzu mu dawo kan yadinka. Na sa ka jiƙa shi ne don yadin auduga yana shan ruwa ya tsuke. In ka yanka shi da sitatin kanti a jikinsa, wankin farko rigar za ta ɗage, hannu ya gudu ya bar wuyan hannunka a waje. Gara ya gama tsukewarsa tun bai zama riga ba. A nan kuma za ka gane ko yana zuba. Na ji daɗi da ba shadda ka sayo ba. Mai koyo ba ya farawa da shaddar Getzner, ba ya farawa da yadi mai santsi mai zillewa a ƙarƙashin allura. Da ma so samu ne, ka fara gwadawa a akoko ko tsohon zanen gado, ka ɓata abin da ba zai sa ka kuka ba.

Wani abu kuma da ya shafi mu 'yan iyaka: nan da yadi ake awo, can da mita. Yadi ɗaya inci 36 ne, mita ɗaya kuwa ta haura inci 39. In mutumin Madarunfa ya ce maka ya kawo uku, tambaye shi uku na me, kamar yadda in ya ce jikka ba za ka ɗauka naira 200 yake nufi ba, sefa 1,000 ce. Jikin mutum dai ɗaya ne. Layin da Ingila da Faransa suka ja suka kafa wa alamomi a farkon ƙarnin da ya wuce ya raba kuɗinmu da ma'auninmu, bai raba yankan rigarmu ba. Sarkin Maraɗi ma har gobe Sarkin Katsina ake ce masa. Ka koyi karanta tef ta fuska biyu, inci da santimita, don masu kawo maka ɗinki ta fuska biyun za su zo. Ka riƙa duba faɗin yadi kuma kafin ka biya: mai faɗin inci 45 kana buƙatar wajen yadi biyu da rabi don riga mai dogon hannu, mai inci 60 bai kai haka ba.

Sai keke. Kwanakin da yadi yake bushewa ba na zaman banza ba ne. Zauna a gaban keken, ka zare zaren sama da na ƙasa, ka koyi taka shi kawai. Ka juyo ƙafar hannun nan wajenka, ka karɓa da tafin ƙafa, diddige da yatsu suna amsa wa juna, har ka iya tashi da tsayawa ba tare da keken ya koma da baya ba. Komawa da baya shi ke tsinka zare ya cukurkuɗa shi. In ƙafa ta zauna, ja layuka a takarda, miƙaƙƙu da lanƙwasassu, ka bi su da allura babu zare, ka ɗaga takardar a hasken rana ka ga ko hujojin sun bi layi. Hannunka jagora ne kawai. Kada ka ja yadi, kada ka tura. Haƙoran keken su ke tafiya da shi. Mai ja shi ke karya allura.

Keke kamar jaki yake, in ka kula da shi ya kai ka kasuwa. Ƙurar hunturun garin nan ba ta bar komai ba, don haka ka rufe shi in ka tashi, ka share gashin zaren da ke taruwa a ƙarƙashin farantin allura, ka ɗiga masa man keke. Na ce man keke, ban ce man gyaɗa ba. Na gyaɗa yana daskarewa ya zama ƙaro ya riƙe ƙarfe. Allura lamba 14 ta dace da irin yadinka, 16 ta mai kauri ce, 11 ta marar nauyi. In ka ga zare ya dunƙule a ƙarƙashin yadi kamar sheƙar tsuntsu, kada ka hau kwance ƙasan keke. Galibi laifin daga sama yake: zaren ya tsallake wata kafa, ko bai shiga tsakanin farantan da ke matse shi ba. Zare shi gaba ɗaya ka sake sawa da bisimilla. Ɗinki mai kyau shi ne wanda in ka duba sama da ƙasa ba za ka iya bambance su ba.

Daga nan sai awo. Mutum ba ya auna kansa. In ka sunkuya ka duba tef, tsawon ya riga ya canza. Kira ƙaninka ya auna ka kana tsaye yadda ka saba tsayuwa, ba ka banƙare ƙirji kamar mai shiga soja ba. Kafaɗa, ƙirji, wuya, tsawon hannu, kaurin damtse, tsawon riga. Rubuta kowanne a littafi. Kan da ya ce zai riƙe awo shi ke ɗinka wa Audu rigar Tanko. Rigar farko kuma ta zama taguwa mai sauƙi: wuya zagaye, 'yar tsaga a gaba da anini uku, aljihu ɗaya. Bar kwala da hannu mai maɓalli sai riga ta biyar. In kana da tsohuwar rigar da take zauna maka daidai, farke ta a hankali, ka goge ɓangarorin, ka shimfiɗa. Babu malamin da ya fi ta, don za ta nuna maka abin da telan ya ɓoye a ciki.

Ga lissafin, ka saurara da kyau. Mu ce ƙirjinka inci 38. Jiki yana son wurin numfashi, ga zafin bazarar Jibiya, ga ɗaga hannu a kabbara da sunkuyawa a ruku'u. Ƙara inci 6, ya zama 44. Da yake yadin a ninke huɗu za ka zana shi, raba 44 gida huɗu, 11 ke nan. A kan wannan 11 ka ƙara inci ɗaya na cin ɗinki. Kafaɗa in 18 ce, rabinta 9, ka sauke bakinta da inci ɗaya ko ɗaya da rabi, don kafaɗar ɗan'adam a gangare take. Zurfin hammata wajen inci 9. Wuya kuwa, in naka inci 15 ne, faɗinsa a kan ninki inci 3 ya isa, zurfin gaba 3, na baya inci ɗaya. A ƙasa ka bar inci ɗaya da rabi na kalmasa. Duk wannan ka fara zana shi a takardar siminti, ka yanke takardar, ka kara a jikinka. Takarda in ta ɓaci an hura wuta da ita. Sai ta gamsar da kai za ka ɗora ta a yadi ka bi gefenta da alli. Tsawon riga ya bi tsawon yadi, ratsin nan shuɗi ya sauko daga kafaɗa zuwa ƙasa a miƙe, gaba da baya da hannuwa duka. In ka karkata don tsimin ƙyalle, rigar za ta murɗe bayan wanki, ɗinkin gefe ya dawo kan cibiya.

Ka ji na ce wuya inci 3, na san a ranka ka ce wannan ɗan rami ina kai zai wuce? Tambayar da na yi wa kaina ke nan sama da shekara hamsin da suka wuce, ita ta sa har yau nake jin kunyar wani mamaci.

Lokacin ana kashe sule da sisi, naira ba ta zo ba. Ina yaron shago a cikin birnin Katsina, shekara biyu aikina shara, hura gawayin dutsen guga, sa anini da kalmasar hannu. Almakashin maigida kuwa ko taɓa shi ba a yi. Ni ko gani nake na iya, tunda kullum ina kallo. Ana saura kwana uku Sallah kawuna ya zo daga ƙauye da farin yadi da ya saya da kuɗin gyaɗarsa, ya ce tunda ɗansa tela ne, me zai kai shi wurin wani? Kaina ya kumbura. Na bari maigida ya tafi sallar isha'i, na ninke yadin huɗu a ƙarƙashin fitilar ƙwai, na zana jiki daidai yadda na ga ana yi. Da na zo wuya sai na ga zanen ya yi mini ƙanƙanta. Na tuna kawu mai babban kai ne, na manta tsagar gaba ita ke ba kai hanya. Na ƙara inci biyu da ido, na danna almakashi. Har yau ina jin ƙarar, ƙyas, ƙyas, sau biyu kawai. Da na warware ninkin sai ga rami, ɗan maraƙi zai wuce ta ciki bai taɓa gefe ba. Inci biyun nan da na ƙara a ninke sun buɗe ta dama da hagu, gaba da baya. Na tsaya riƙe da yadi, gumi yana bin bayana, alhali sanyi ake yi.

Maigida ya dawo ya gani. Na sa ran mari, bai mare ni ba. Ya juya yadin sama da ƙasa, ya ce, “Yaro, abin da allura ta ɓata reza tana gyarawa. Abin da almakashi ya ɓata sai kasuwa.” Ya yanke saman ya jefar, da sauran ya fitar da 'yar riga ta ƙaramin ɗan kawun. Kawu ya je Idi da tsohuwar rigarsa wankakkiya. Bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah, kuma shirun nan nasa ya fi mini bulala ciwo. Tun daga ranar ban sake yanka wuya da ido ba. Ka yanka shi ƙarami. In ya matse, ƙarawa minti ɗaya ce. In ya yi faɗi, babu malamin da zai mai da shi.

In yanka ya kammala lafiya, sauran aikin bin tsari ne. Fara da ƙananan abubuwa tun yadi yana shimfiɗe: aljihu da tsagar gaba. Sannan ka haɗa kafaɗu, fuskar yadi tana kallon fuska. Sai wuya: ka yanko shafi daidai da zagayensa, ka ɗinka, ka ɗan tsattsaga cin ɗinkin da bakin almakashi ba tare da ka taɓa zaren ba, don in ka juya shi ya kwanta lumui. Wanda bai yi wannan ba shi ne za ka ga wuyan rigarsa ya tashi kamar bakin tulu. Daga nan ka ɗora hannuwa tun gefe yana buɗe, tsakiyar hannu a kan ɗinkin kafaɗa. Sannan ɗinki ɗaya tun daga bakin hannu, ta hammata, har ƙasa, ka tsaya inda tsagar gefe za ta fara. Kalmasa da anini su ne ƙarshe. Duk inda ka fara da inda ka tsaya, ka maimaita ɗinkin ya ƙullu. Wurin da kake shakka, kamar hammata, ka fara kama shi da allurar hannu, manyan taku, ka sa a jiki ka gani kafin keke ya bi.

Kada ka raina guga. Duk ɗinkin da ka yi, ka kwantar da shi da dutse kafin ka ɗora wani a kansa. Rabin kyan riga a teburin guga yake, shi ya sa masu koyarwa na da suke fara ɗora yaro a kan gawayi. Da farin yadi irin naka kuma ka kula da toka da tartsatsi. Ka goge gindin dutsen a tsumma tukuna.

Za ka yi kuskure, wannan babu makawa. Hannu ɗaya zai fi ɗaya tsawo, aljihu zai karkace, wani wurin ya tattare. Ɗauki reza ka warware, zare ɗaya bayan ɗaya, ka sake. Ni da furfurata har na ajiye aiki ina warwara. Ranar da ka ji ranka ya ɓaci, zare ya tsinke sau uku a jere, tashi ka sha ruwa ka zaga. Keke yana gane mai fushi. Da koyo akan iya, kuma sannu ba ta hana zuwa. Hotunan koyarwa da kuke kallo a waya suna da amfani, ka kalla, amma mai hoton ba zai ga yadda ka riƙe almakashi ba. Ka riƙa kai aikinka gaban wanda ya iya, ka jure gyaransa. In an gama kuma, ka sa rigarka ka fita da ita, ko abokai za su yi dariya. Wanda ya yi maka dariya, tambaye shi wace ce a jikinsa ya ɗinka.

Kada wani ya ce maka zama gaban keken tsohuwa a cikin gida aikin mata ne, ko aikin wanda ya rasa abin yi. Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da hannunsa mai albarka. Malamai kuma suna ambaton Annabi Idrisu a matsayin wanda ya fara ɗinki. Ku kuma 'yan matan gidan nan, kada ku tsaya a siket da rigar atamfa. Ku koyi yankan rigar namiji da kayan yara. Na ga matan da aka raba da ƙauyukansu suka shigo gari ba su da komai, wadda ta iya keke a cikinsu ita ta fara daina jiran a ba ta.

In Allah ya sa hannunka ya faɗa har maƙwabta suka fara kawo maka, ga amana biyu. Ta farko ƙyalle: abin da ya rage na mai yadi ne, ko tafin hannu ne ka naɗe masa, sai in ya ce ya bar maka. Ta biyu alkawari. Ka san sunan da muka yi, har in mutum ya cika saɓa magana sai a ce alkawarin tela gare shi. Kwaɗayi ke jawo haka: a karɓi ɗinkin mutum arba'in a azumi alhali ƙarfin na ashirin ne, daren Sallah a kashe waya a ɓuya, yaro ya kwana yana kuka. Karɓi abin da za ka iya. In Laraba za ka gama, ce Alhamis. “Ba zan samu ba” tana da ɗaci a baki, amma ba ta kai ɗacin a tsaya maka a ƙofar gida da safiyar Idi ba.

Maganar maigidana kuwa, da na girma sai na ga ba a shago kaɗai take aiki ba. Yawancin kurakuran ƙuruciya na allura ne: ka faɗi jarrabawa, ka yi asarar jari, ka yi wa babba gatsali ka dawo ka ba da haƙuri. Duk waɗannan suna warwaruwa, sai dai ɗan tabon huji. Amma akwai na almakashi. Kalmar da za ka gaya wa mahaifiyarka cikin fushi, sakin da ake furtawa a tsaye, zumuncin da ake yankewa a kan gona, ƙwayar farko da aboki zai miƙo maka, ɗan aiken da mutanen daji za su ce ka yi musu sau ɗaya kawai a ba ka kuɗi. Irin waɗannan a ninke suke zuwa, ka gan su ƙanana kamar inci biyu, sai an warware ka ga girman ramin. In ka ji hannunka yana ƙaiƙayin yanke wani abu, ajiye, ka kwana, ka sake aunawa da safe, ka nuna wa wanda ya girme ka. Inci ɗayan nan kuma da muke bari a cikin ɗinki, wanda ba mai ganinsa, shi ke ba da damar a buɗe riga ranar da mai ita ya yi ƙiba. Ka riƙa barin irinsa tsakaninka da mutane. Ko faɗa ya kama, kada ka faɗi ta ƙarshe. Bar wurin da za a kama a ɗinke gobe.

To, jikana, na ga yadin ya bushe, ka kuma goge shi ba laifi. Gobe bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, ka zo da shi da littafin awonka da takardar siminti biyu. Ka share tabarmar zaure, ka zana ina kallo. In alli ya zauna inda ya kamata, ni da kaina zan ciro almakashin daga ƙarƙashin matashi in sa maka a hannu, kuma in ka gama rigar ba sai ka dawo da shi ba. Allah ya yi maka albarka, ya sa hannun nan naka ya ci halal, ya rufa maka asiri kamar yadda za ka rufa wa wasu.